Ɗan Mutane Ne

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. Mu Fulanin Fassi ne, cikin ƙasar Kibiya, irin waɗanda suka daɗe da zama wuri guda, ga shanu ga gona, har Hausa ta fi Fillanci zama a bakin 'ya'yanmu. Amma kunyar ɗan fari ba ta bi Fillancin ta tafi ba. Idan na shiga gaishe da Baffa, haka muke ce masa, sai ya dubi gefe ya ce, "An zo?" In ce na zo. Ya ce, "An baro su lafiya?" In ce lafiya lau. Hira ta ƙare ke nan. In yana da saƙo gare ni, ko ina zaune a gabansa, wanda ke kusa zai gaya wa: a ce wa wancan kaza da kaza. Ni ma ban taɓa ɗaga ido na dubi ƙwayar idonsa ba. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa ɗaukar shirunsa fushi ba, sai bayan abin da na aikata a gidan wasa na Rano.

Ina ɗan shekara bakwai aka kai ni Rano wajen kawuna don in yi boko. Can na girma, can na san gidan wasan. Wani dogon zaure ne mai rufin kwano, an gina shi tun kafin a haife ni. Akwai dandamalin siminti a ƙuryarsa, da bencina waɗanda in ka zauna a kansu da sabon wando sai ka tashi da tabon tsatsar ƙusa. Labulensa kuwa atamfofi ne kala-kala da wani tela ya harhaɗa, in an ja shi sai ya maƙale a tsakiya, sai mai ja ya fito gaban jama'a ya ƙarasa da hannu, a yi masa tafi kamar shi ma yana cikin wasan. A nan ake nuna majigi. A nan 'yan makaranta ke muhawara, makaɗa su zo su cashe, ma'aikatan lafiya su kawo wasan da zai sa a kai yara rigakafi. Mutumin Rano da ya kai shekaruna, in ya ce maka bai taɓa leƙa wurin nan ba, to ko dai ba ya faɗin gaskiya, ko kuma tsoron ubansa ya fi nawa yawa.

Da na gama kwalejin horon malamai aka ba ni aji a wata firamare, sai na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin gari. Muna yin wasa ranar kasuwa bayan La'asar, don mutanen ƙauye su samu gani kafin su kama hanya. Wata rana aka shirya wasa kan allurar shanu, ana neman wanda zai fito a Bafulatanin da malamin dabbobi ke fama da shi. Duk idanu suka dawo kaina. Ni kuma, da yake ƙuruciya na ɗibana ina son a san da ni, na ce ba irin Bafulatanin da suka saba yi zan yi ba, mai ihu da rantse-rantse da faɗuwa ƙasa. Na ce zan kawo musu na gaske. Na gasken da na sani kuwa guda ɗaya ne.

Na je Fassi na ɗauko tsohuwar malfarsa da ya daina sawa, da wata sanda daga cikin nasa, ban gaya wa kowa dalili ba. Na hau dandamali na yi tafiyarsa, wadda yake ɗan jan ƙafar hagu tun da wani bijimi ya taka shi. Na yi yadda yake jan kunnensa kafin ya amsa kowace tambaya. Na yi gyaran muryarsa sau biyu. Sannan na ɗauko maganar da ya fi yi a duniya. Baffa ba ya cewa a'a. Duk abin da ba ya so, ko sayar da saniya ne ko zuwa asibiti, sai ya ja kunne ya ce, "A bari rana ta yi sanyi." Malamin dabbobi na cikin wasa ya zo da safe, na ce a bari rana ta yi sanyi. Ya dawo da yamma, na ce haka. Ya dawo ana tsuga ruwan sama, ya jiƙe sharkaf, na dubi sama na ja kunne na ce a bari rana ta yi sanyi. Zauren nan kamar zai tsage. Na ga wani dattijo ya zamo daga benci yana riƙe da ciki.

Na sauko kaina ya yi girma, ana ta dukan kafaɗata. Sai kawuna ya ja ni gefe, fuskarsa ba walwala, ya ce, "Kai, ka san wa ke tsaye bakin ƙofar baya tun farkon wasan nan?" Ban tambaye shi ko wane ne ba. Na manta shaf cewa ranar kasuwa Baffa ma yakan shigo Rano.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Maganar ta fita daga zauren ta shiga gari. Mai bin bashi ya zo, a ce masa a bari rana ta yi sanyi. Uwa ta aiki ɗanta, ya ce a bari rana ta yi sanyi, ya sha dundu. Yaran kasuwa kuma, da sun hango Bafulatani da malfa, sai su bi shi suna rera ta. Ƙanena ya gaya mini da idonsa ya ga sun yi wa Baffa haka a kara, wato kasuwar shanu, Baffa bai ko waiwaya ba. Jama'a suka matsa a maimaita wasan, aka yi shi har sau huɗu. Na so in gudu, 'yan ƙungiya suka ce ba mai iya hawa wurina, ni kuma, in faɗi gaskiya, daɗin tafi bai gama sakina ba. Bayan na huɗun na ajiye malfa, ban sake hawa dandamali ba har yau.

Na yi wata biyu ban taka Fassi ba. Ran da na yi ta maza na je, na durƙusa, ina jiran ko tsawa ko sanda. Baffa ya dubi gefe ya ce, "An zo?" Na ce na zo. Ya ce, "An baro su lafiya?" Bai ƙara ko harafi ba. Da ya zage ni da na huta. Amma mutumin da dama can ba ya yi maka magana, ta yaya za ka gane ya daina yi maka magana? Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na zama hedimasta, na yi ritaya, shekara talatin da 'yan kai, kullum in na ji wannan "an zo" sai in ta juya ta ina neman fushi a cikinta. Sau da yawa na shirya neman gafara, in na isa gabansa sai in gaishe shi kawai in tashi. Neman gafara na nufin in buɗe baki in ce na kwaikwaye shi a bainar jama'a, abin da ko shi bai taɓa furtawa ba.

Gidan wasan kuma ya mutu a hankali. Bidiyo ta shigo gidaje, gidajen kallon ƙwallo suka buɗe, daga baya waya ta zo ta kwashe sauran 'yan kallon. Aka mai da zauren ma'ajiyar taki na wasu shekaru, sannan aka bar wa jemagu. Allah ya gani, duk lokacin da na wuce na ga kwanon ya ƙara ɓallewa, wani ɓangare na zuciyata yakan ji sanyi. Ina ganin kamar shaidata ce ke rushewa.

Bara, bayan an gama girbi, sai ga wasu matasa daga Kano da kyamarori, wai suna haɗa fim ɗin tarihi a kan gidan wasan, don a san abin da ya yi wa garin kafin ya faɗi gaba ɗaya. Shugabarsu wata budurwa ce mai gilashi, sa'ar 'yata ta biyu, ga ladabi ga naci. Duk wanda suka tambaya sai ya ce su nemi tsohon hedimasta. Na karɓe su a zaurena, na ba su labarin majigi da labule da makaɗa, na yi ta kewaye-kewaye ina kauce wa abu guda. Sai yarinyar nan ta yi murmushi ta ce, "Baba Malam, ai ba ka ba mu labarin rana ta yi sanyi ba."

Ashe akwai kaset. Shugaban ƙungiyarmu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ɗauko mai ɗaukar bidiyon biki ya ɗauki wasan na ƙarshe, iyalinsa suka ajiye kaset ɗin cikin akwati duk shekarun nan, gara ba ta ci ba, ruwa bai taɓa ba. Abin da kake so ya ɓata shi ne ba ya ɓata. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini kaina, siriri kamar kara, ina jan ƙafa ina jan kunne. Na yi dariyar yaƙe na ce ƙuruciya ce.

Ta ce, "Wallahi Baba, shi ne zuciyar fim ɗin. Kuma ka san wani abin daɗi? Mun zaga ƙauyuka neman waɗanda suke zuwa kallo a da. Mun je Nariya, mun je Fammar. A Fassi muka dace da wani dattijo Bafulatani, ya ce ya ga wasan nan da idonsa. Ya fi kowa magana a kanka. Har jan kunnen nan yake yi, kamar ka san shi."

Na tambaye ta me dattijon ya ce. Ta ce a'a, ƙa'idarsu ce ba sa nuna wa kowa maganar wani sai ranar haskawa, kuma ma so take ta ga fuskata a ranar. Na ce to a cire nawa ɓangaren, na tsufa da wannan. Ta ce in an cire ni ai fim ya zama miya ba gishiri. Kalma ɗaya ce za ta warware komai, in ce mata mahaifina ne. Na kasa. Ina zan fara, in gaya wa sa'ar 'yar cikina cewa mutumin da duk Rano ta yi wa dariya ubana ne, ni kuma na kai shi gaban jama'a?

Wata uku aka yi kafin su gama haɗawa, kuma a wata ukun nan na rame har uwargidana ta fara zancen a je a auna ni. Abin da nake gani a raina shi ne, tsohon da ya haɗiye magana shekara talatin ya samu baƙin da ba su san shi ba, ya amayar musu da ita duka, za a kuma haska ta a gaban garin da na yi wa hedimasta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko gaisuwa aka yi mini da fara'a fiye da kullum sai in ce an ji wani abu.

Babbar 'yata ce kaɗai na gaya wa. Malamar asibiti ce a Kibiya, da 'ya'yanta uku, kuma ita ce mutum ɗaya a duniya da ke iya faɗa wa Baffa duk abin da ta ga dama, saboda wasan jika da kaka. Yana ce mata amarya, tana ce masa tsohon ango mai rowa. Na roƙe ta ta je ta bugi cikinsa. Ta je ta dawo tana dariya, ta ce, "Baba, tsohon nan ya fi ni wayo. Na tambaye shi me ya gaya wa 'yan fim, ya ce shi bai ga wani fim ba, wasu yara dai sun zo sun sha nono. Amma ya ce in gaya wa wancan, ranar da za a nuna a zo a ɗauke shi, zai je." Ban ga abin dariya a ciki ba, na kuwa gaya mata haka.

Ranar ta zo. An share zauren, an kori jemagu, an toshe tagogi da tabarmi don ya yi duhu, an rataya farin ƙyalle a kan dandamali, janareta na ta ruri a waje. Bayan La'asar aka fara, kamar yadda muke yi a da. 'Yata ce ta ɗauko Baffa a motar mijinta, aka zaunar da shi a bencin gaba cikin dattawa. An ajiye mini kujera kusa da masu gari, na ce ƙafata na ciwo, na fi son kusa da ƙofa. Sai da na tsaya a wurin na tuna ƙofar bayan ce.

Fim ɗin ya yi kyau, ba zan hana su haƙƙinsu ba. An nuna wata Hajiya da ta ce da kuɗin gyaɗar da take sayarwa a bakin zauren ta yi kayan ɗakinta. An nuna mai jan labule, ya tsufa ya makance, yana nuna da hannu yadda labulen ke maƙalewa. Wani Alhaji ya ce a zauren nan ya fara tsayawa gaban jama'a ya yi magana, ga shi yau shi ke yi wa mutane wa'azi. Wata ta ce wasan rigakafi ne ya sa ta saci jiki ta kai ɗanta allura. Mutane na ganin 'yan'uwansu da suka rasu a tsofaffin hotuna suna salati. Ni dai rabin hankalina na kan ƙeyar Baffa.

Sai ga ni na fito, da malfa da sanda. Tun kafin in buɗe baki tsofaffi suka fara dariya, da na kai wurin ruwan sama kuwa har yaran da ba a haifa ba a lokacin suka kwashe. Ƙeyar Baffa ba ta motsa ba. Hoton ya ɗauke, sai ga fuskarsa ta cika ƙyallen, yana zaune gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. A ƙasa an rubuta: wani makiyayi, ɗan kallo. Zauren ya yi tsit, don duk wanda ya haura hamsin a wurin ya san ko shi wane ne a wurina. Na ji ana waiwayowa. Na kama ƙyauren ƙofa na riƙe.

Muryar yarinyar ta fito daga bayan kyamara: "Baba, ka san wanda ya yi wasan nan?"

Baffa ya ja kunne. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya ce, "Ɗan mutane ne. Ana dai ganinsa."

Wani tsoho a gaba ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Matasan fim ɗin suna ta duban juna, ba su san abin da ya ba mutane dariya ba.

Ta ce, "Ba ka ji haushi ba, ana yi wa Fulani dariya?"

Ya ce, "Na ji mana. Ranar farko ban ci tuwo ba. Da kasuwa ta zagayo na ce bari in koma in ƙara gani, don haushin ya zauna da kyau. Na koma. Sai na ga ai yaron ba ƙarya ya yi ba. Wasu in za su yi Bafulatani sai su mai da shi mahaukaci. Wannan kuwa mutum ya yi. Mai taurin kai dai, amma mutum." Ya sake jan kunne. "Sau huɗu aka yi, sau huɗu na zo. Na uku ma da mutanen Nariya na zo, na ce su zo su ga abin mamaki."

Ta ce, "Ka gaya musu ka san shi?"

Ya ce, "Ina na san shi? Su dai suka yi ta kallona."

Yanzu kam zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Ni kuwa na nemi gefen benci na zauna.

Ta tambaye shi ko akwai abin da bai yi masa daɗi ba a wasan. Nan Baffa ya gyara zama, fuskarsa ta yi tsanani, na ce to ga ta nan tafe. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Kuskure ɗaya ya yi, babba. Malamin allura ya tambaye shi shanunka nawa, ya buɗe baki ya faɗa. Subhanallahi! Wane Bafulatani ne zai faɗi yawan shanunsa, a gaban jama'a kuma? Ko matarka ba ka gaya wa. Sai ka ce 'yan kaɗan ne, na Allah. Wannan ba a gidansu ya koya ba, boko ce." Ya girgiza kai kamar abin ya faru jiya. Sannan ya dubi gefe, irin duban da na sani, ya ce, "Amma in kun gan shi, ku ce masa wani tsoho ya ce ya iya. Allah ya yi masa albarka."

Ban san sauran abin da aka nuna ba. Na ji an ce amin da ƙarfi, na ji wani ya dafa ni. Abin da na sani shi ne wani nauyi da na saba da shi har na ɗauka ƙirar jikina ce ya sauka, na ji numfashina na kaiwa har ciki. Shekara talatin ina tsoron hukuncin mutumin nan, ashe laifina a wurinsa shi ne na faɗi yawan shanun da ma babu su. Na yi dariya, hawaye na zuba, ban damu da wanda ya gani ba.

Da aka fito, wani ya riga ya tsegunta wa yarinyar. Ta zo da sauri ta durƙusa, gilashinta a hannu, ta ce, "Baba Malam, don Allah ka yafe mini. Wallahi ban sani ba. Ya ce mana bai san ka ba! Zan gyara rubutun, in sa mahaifinka ne." Na ce mata, "'Yata, kada ki taɓa shi. Da kin san ko shi wane ne, da ya san kin sani, ko kalma ɗaya ba za ki samu ba. Rashin saninki ne ya buɗe masa baki." Ta juya maganar, sannan ta ce su a cikin birni sun ɗauka irin wannan kunya ta ƙare. Na ce ta je Fassi ta gaya wa Baffa haka.

Washegari da hantsi na hau babur na tafi Fassi, na biya ta Kibiya na ɗauki 'yata, don na san ba zan iya ni kaɗai ba. Mun tarar an saki shanu, Baffa na zaune kan buzu yana gyaran igiyar maruƙa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yadda ya saba. Sai na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni na ce, "Baffa, abin da ya faru a Rano shekarun baya, a yafe mini."

Bai dube ni ba. Ya ci gaba da murza igiya har na fara tunanin bai ji ba. Can sai ya juya wajen jikarsa ya ce, "Amarya, ke da kika yi karatu, zo in tambaye ki. In mutum ya kai maraƙinsa wani garke tun yana ƙarami, ya girma can, ya dawo, in ka matso ya sunkuyar da kai, in ka yi magana ya dubi ƙasa, me za ka ce?"

Ta ce, "Sai in ce yana jin kunyarka, tsoho."

Ya ce, "To ni ban ce haka ba. Ni cewa na yi ya manta ni. Tun da aka kai wancan boko nake cewa na yi asara, ya zama na mutanen gari, ko sanin kamannina bai yi ba. Sai ranar da na koma na tsaya a bakin ƙofa, na ga yadda nake tafiya, da yadda nake tsayuwa, har da yadda nake riƙe baki in raina ya ɓaci, abin da ni kaina ban san ina yi ba. Na ce ashe duk shekarun nan da yake duban ƙasa, ni yake kallo." Ya ɗaure bakin igiyar ya ajiye. "Ki ce masa ban san abin da zan yafe ba. Ranar na samu ɗa."

'Yata ta juyo gare ni, da niyyar ta isar da saƙo kamar yadda aka saba, ta buɗe baki, sai muryarta ta ƙi fita. Na ce mata ta bar shi, na ji.